FILIN MANOMA: Ƙarin Sifirin Ba Ya Mai Da Akori-Kura Babbar Mota

Kowace shekara in kaka ta kama a ƙasar Karaye da Rogo, ba manoma da 'yan dako kaɗai ke samun aiki ba, har da makanikai da masu walda. Tun ba a gama karyar masara ba sai a ga motocin akori-kura sun yi jerin gwano a bakin gareji, an ɗaga bayansu bisa jak, ana ƙara musu sifirin. Wani falle ɗaya zai sa a ƙara masa kowane gefe, wani biyu. Wani kuwa sai ya ce a ɗora masa wani ɗan ƙaramin sifirin dabam bisa na ainihi, wanda makanikai ke kira helfa, watau mataimaki. In an gama, mai mota ya koma gefe ya dubi yadda bayan motarsa ya tashi sama, ya yi murmushi, ya ce yanzu kam buhu ashirin ba zai dame ta ba.

To, wannan magana tasa ita ce abin dubawa, gama a cikinta akwai wahalar manomi ta shekara guda, da jarin ɗan kasuwa, da rayukan mutanen da ke hawa bisa kaya ranar kasuwa. Ƙarin sifirin yana da amfaninsa, za a kuwa faɗe shi a nan gaba. Amma ko kwano ɗaya ba ya ƙara wa mota bisa nauyin da maƙerinta ya yanka mata. Abin da yake yi shi ne ya hana a ga mota ta durƙusa, alhali kuwa durƙusawar nan ita ce bakin da mota ke da shi na cewa kaya sun yi mata yawa.

Kafin a ga laifin masu motoci, ya kamata a ji uzurinsu, don ba ƙarami ba ne. Ƙasar nan ta yammacin Kano Allah ya ba ta albarkar noma. Da damina ga masara da dawa da waken suya da shinkafa, a fadamu ga rake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye cikin 1992 kuma, noman rani ya ƙara ƙarfi, tumatir da albasa da tattasai suka yawaita. Duk kayan nan sai sun fita: hatsi ya nufi Dawanau, kayan gwari su nufi 'Yankaba a birnin Kano, rake ya bi ta Rogo zuwa wajen Makarfi a Jihar Kaduna. Gonakin kuwa ba a bakin kwalta suke ba. Suna can bayan garuruwa irin su Zarewa da Fulatan da Beli da Tudun Kaya da Turawa, inda hanyar shiga gona ta ƙasa ce, ga yashi, ga kwazazzabo, ga rafin da ba shi da gada. Babbar mota ba ta shiga irin wuraren nan sai ta kafe. Akori-kura ita ce jakin zamani, ita ke shiga har gindin masussuka.

Daɗin daɗawa, sufuri ya yi tsada ƙwarai bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Abin da ke tabbas dai shi ne kuɗin mai ya ninka har ya sake ninkawa bayan wannan rana ta 2023, kuɗin taya da kayan gyara suka bi shi. Kuɗin dako kuwa bisa buhu ake biya. Man da mota za ta sha da buhu goma bai kasa wanda za ta sha da buhu ashirin da wani abin kirki ba. Saboda haka duk direban da ya iya lissafin yatsu zai ga riba tana cikin buhunan da ya ɗora daga na sha ɗaya zuwa sama. Ba mugunta ta kai shi gareji ba, neman abin sawa a bakin salati ne.

Amma uzuri ba ya sauya halin ƙarfe.

MENE NE AIKIN SIFIRIN?

Sifirin mai falle-falle ya girmi mota nesa ba kusa ba. Wani maƙerin keken doki a birnin Landan, Obadiah Elliott, shi ya yi rajistar wani irinsa cikin 1804, don masu hawan keken doki su huta da jijjiga. Har yau aikinsa bai sauya ba. Yana tsakanin bodi da aksul, in ƙafa ta faɗa rami ya lanƙwasa ya shanye bugun, sa'an nan ya miƙe. Nauyin kaya bi ta cikinsa yake yi ya wuce zuwa aksul, daga aksul zuwa boris, daga boris zuwa taya, daga taya zuwa ƙasa. Watau dai sifirin gammo ne. Mai tallan da ta ƙara kaurin gammo za ta ji sauƙi a tsakar kanta, amma wuyanta da gwiwoyinta suna nan ɗauke da tulun kamar yadda yake. Haka mai jaki in ya ninka akumari, bayan jaki zai huta da gurzuwa, amma ƙafafun nan huɗu su ne dai na jiya. Jaki ma ya fi mota dabara, gama in an zalunce shi sai ya kwanta, a yi ta bugu ya ƙi tashi sai an rage. Motar da aka cika wa sifirin an hana ta kwanciya, sai dai ta yi ta tafiya har wani abu ya karye.

Kowace mota akwai iyakar da maƙerinta ya rubuta mata, galibi a wani ɗan faranti ko takarda a jikin ƙofar direba ko cikin gidan inji. A nan ake ganin nauyin da ba a yarda mota ta wuce ba in an haɗa ita kanta da duk abin da ke cikinta, wani lokaci har da iyakar aksul na gaba da na baya dabam-dabam. Motocin da aka saba da su a nan, tun daga Peugeot 404 da 504 waɗanda masana'antar Kaduna da aka buɗe cikin 1975 ta riƙa haɗawa, har zuwa Toyota Hilux, abin da aka yi su su ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, ko da ɗan ɗoriya kaɗan. Cikin tan ɗayan nan kuwa har da direba, da yaron mota, da jarkar mai, da katako ko ƙarfen da aka kewaye bodi da shi don kaya su yi tudu.

Ga lissafin da kowane manomi zai iya yi da kansa. Buhun masara mai tiya 40 yana kai kilo 100. Buhu goma tan ɗaya ke nan cif, tun ba a sa direba da yaronsa ba, saboda haka kayan halal na akori-kura buhu takwas ne zuwa tara, in an matsa goma. Takin zamani buhunsa kilo 50 ne, watau buhu ashirin sun cika tan. Wanda ya ɗora buhun masara ashirin, mutum shida kuma suka hau bisa, ya ɗora wa mota kayan mota biyu da 'yan kai. Shinkafar da ba ta gama bushewa ba, da takin gida mai laima, da ɗanyen rake, duk sun fi yadda ido ke ƙiyasta su nauyi.

SU WA KE ƊAUKAR ABIN DA YA RAGE?

Na farko taya. A jikin kowace taya an rubuta nauyin da za ta iya ɗauka, sai dai da lamba aka rubuta, shi ya sa mutane ba su kula. Tayar da aka fi sa wa waɗannan motoci, mai rubutun 195R14C, galibi tana da lamba 106, ma'anarta kilo 950, shi ma sai in an ba ta cikakkiyar iska, awo 65 a ma'aunin mai faci. Tayoyin baya biyu sun tashi kilo 1,900 ke nan. A ƙaddara bayan mota ba kaya yana da nauyin kilo 700, sa'an nan aka ɗora buhu ashirin, kilo 2,000, waɗanda kusan dukansu bisa ƙafafun baya suke zama. An doshi kilo 2,700 bisa tayoyin da iyakarsu 1,900. Wannan fa in taya sabuwa ce mai harafin C, watau ta ɗaukar kaya. Sau da yawa abin da ke ƙarƙashin mota tayar gwanjo ce ta ƙaramar mota, irin wadda ake kira Beljiyam, mai lamba 91, wadda iyakarta kilo 615 tun tana sabuwa a ƙasar da aka yi ta. Taya in ta yi nauyi sai gefenta ya riƙa lanƙwasa yana miƙewa kowane juyi, ta ɗauki zafi, zaren cikinta ya saki. A hanyar gona inda ake tafiyar hawainiya ba za ta nuna ba. Sai an hau kwalta da tsakar rana a watan Maris, an taka mota, sa'an nan ta fashe. Ko falle goma aka ƙara, taya ba ta san an yi ba.

Akwai kuma wasu lambobi huɗu a gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta daɗe tana gargaɗi kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara huɗu. Duba wannan ba ya cin ko kwabo.

Na biyu aksul da boris. A nan ne akori-kura ta bambanta da manyan 'yan'uwanta irin su Kanta da Daina masu ƙafa biyu-biyu a baya. A waɗancan, bututun aksul shi ke ɗaukar nauyi bisa boris biyu, sandar da ke ciki juya ƙafa kaɗai take yi, ko ta karye ƙafa tana nan a wurinta. A akori-kura kuwa sanda ɗaya ce ke juya ƙafa, ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, bisa boris na bakin bututu. In boris ya ci wuta ko sanda ta karye, ƙafa tana iya zarewa gaba ɗaya ta yi nata wuri, mota ta dafa ƙasa da gefe guda. Duk wanda ya saba bin hanyar Karaye zuwa Kano da kaka ya taɓa ganin mota a gefen hanya an tokare ta da duwatsu, buhuna a zube, yaron mota yana gadi, direba ya tafi Kofar Ruwa neman aksul. In aka leƙa ƙarƙashinta sau da yawa sifirinta lafiya lau, ko tsagewa bai yi ba. Da can falle ɗaya ne zai karye, a ɗaure da roba a lallaba a kai gida, a sayi wani da kuɗi kaɗan. Yanzu an ƙarfafa mai araha, karaya ta koma kan mai tsada. Garin neman ƙiba an samo rama.

Na uku shasi. Shi ba nauyi kaɗai ke cinsa ba, har da inda aka ajiye nauyin. Masu ɗaukar rake da kara da katako sukan buɗe ƙofar baya su shimfiɗa katakai, kaya su zarce bayan mota. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya wajen mita uku ne. In aka ajiye buhu uku, kilo 300, mita ɗaya bayan aksul, to, aksul na baya kilo 400 zai ji, ƙafafun gaba kuwa a rage musu kilo 100, kamar dai yadda yara ke yi da itace bisa turmi, wannan ya danna wancan ya tashi. Gaba in ya yi sauƙi sitiyari ba ya kama ƙasa sosai, da dare kuma fitila ta riƙa haska sama tana kashe wa masu zuwa ido. Shasi kuwa a daidai bayan gidan direba yake lanƙwasa, har a ga rata ta buɗe tsakanin kai da bodi. Sifirin mai tauri yana ƙara wannan ciwo, don bugun ramin da da zai shanye yanzu kai tsaye yake miƙa wa shasi.

Na huɗu, wanda ya fi duka, birki. Birki zafi yake mai da gudun mota. Nauyi in ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. Gudu in ya ninka kuwa, zafin sau huɗu ne. A gangara mai tsawo, in direba ya dogara ga birki bai sa babbar giya ba, sai ƙarfe ya yi zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama.

Akwai kuma wani abu a nan wanda ko cikin makanikai ba kowa ya damu da shi ba, ya kuwa kamata kowane mai mota ya sani. A ƙarƙashin tsofaffin Hilux da ire-irensu akwai wani ɗan bawul a jikin shasi, an haɗa shi da aksul na baya da wani siririn ƙarfe. Aikinsa shi ne ya auna yadda bayan mota ya sauka. In mota ba kaya, bayanta yana sama, sai bawul ya rage ƙarfin birkin baya don kada ƙafafu su kulle mota ta juya. In an yi lodi bodi ya sauka, sai siririn ƙarfen ya tura bawul, ya saki cikakken ƙarfi zuwa baya. To, in an ƙara sifirin har bodi ya daina sauka, an yi wa bawul ƙarya ke nan. Ga tan biyu a bisa mota, shi kuwa yana tsammani wofi take, sai ya hana birkin baya ƙarfi, aiki duka ya koma kan na gaba, waɗanda nauyi ya riga ya ɗage su daga ƙasa. Sababbin motoci masu birkin ABS na'ura ce ke yi musu wannan rabo, amma yawancin motocin da ke shiga gonakin Rogo ba sababbi ba ne. Duk makanikin da ya ƙara sifirin bai sake daidaita bawul ɗin nan ba, rabin aiki ya yi, ya karɓi kuɗin cikakke.

Lalle wani direba zai ce, ai shekara goma ke nan yana ɗora ashirin, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Ba ƙarya ya yi ba. Maƙeran mota sukan bar rara bisa abin da suka rubuta, amma sun bar ta ne saboda rami da gargada da birkin gaggawa ranar da saniya ta faɗo hanya. Wanda ya cinye rarar nan da buhuna, ranar da ya faɗa rami ba shi da sauran abin kariya. Ƙarfe kuma yana gajiya. Kowa ya taɓa karya waya da hannu ya san ba lanƙwasa ɗaya ke karya ta ba, ana yi ana maimaitawa har ta yi zafi ta rabu. Haka sandar aksul take, tsagar tana farawa kamar gashi, tana ci a ɓoye shekara da shekaru. Shi ya sa sau da yawa takan karye ranar da kayan ma ba su da yawa, a hanya mai kyau, mutane su ce tsautsayi ne. Tsautsayi gaskiya ne, amma an ce a ɗaure raƙumi sa'an nan a yi tawakkali.

INDA ƘARIN YAKE DA AMFANI

Motar da kullum tana ɗauke da kayanta na halal, buhu tara ko goma, a hanya mai ramuka, sifirinta yakan gaji ya kwanta. Alamarsa a fili take. A yi mata lodin da aka rubuta mata, a tsaya a wuri mai daidai, a leƙa. In robar nan da ke jikin shasi ta zauna bisa aksul, ko ta kusa, har mota tana dukan ƙasa a kowane rami, to, tana bukatar sabon sifirin ko mataimaki. A nan ƙari gyara ne, yana daidaita mota, ya hana ta tangaɗi a kwana.

Cikin hanyoyin da ake bi, mataimakin da ke zaune a bisa, wanda ba ya taɓa komai sai an yi lodi bodi ya sauka ya same shi, ya fi cusa falle cikin damin sifirin. Irinsa ne manyan motoci ke da shi tun daga masana'anta. Fallen da aka cusa kullum yana aiki, ko da kaya ko babu, sai mota in ta dawo wofi ta riƙa tsalle a gargada kamar ɗan akuya, ƙafafun baya ba su kama ƙasa. Mai tumatir ma ya lura da wannan, gama kwandon tumatir bai kai buhun hatsi nauyi ba, motar da aka taurara don masara kuwa in ta ɗauki tumatir daga bakin Challawa, kafin 'Yankaba na ƙasan kwando ya zama miya. Amma cusa guntun katako ko tsohuwar taya tsakanin aksul da shasi, wannan ba gyara ba ne, kashe sifirin ne gaba ɗaya.

Wajen aikin kansa, manomi ya fi kowa sanin abin da wuta ke yi wa ƙarfe. Ai da tsohon sifirin maƙera ke ƙera adda da wuƙa da ruwan gatari, don ƙarfe ne da aka ba shi horo na musamman da wuta. In aka sake sa masa wuta horon ya tafi. Saboda haka fallen da aka yi wa walda, ko aka gasa shi aka lanƙwasa don ya yi daidai, ko aka huda shi da wutar walda, ya tashi daga sifirin ya koma ƙarfen banza, ranar karyewarsa kaɗai ake jira. Falle ya zama faɗinsa ɗaya da na motar, a sa gefe biyu daidai wa daida, kada a sa sabo dama tsoho hagu. Ƙarafan nan masu kamar takalmin doki da ke ɗaure sifirin a jikin aksul a sa sababbi masu tsawon da ya isa, gama tsofaffi sun riga sun miƙe, haka kuma kusar tsakiya. Bayan an yi lodi biyu ko uku a koma a sake ɗaure notinansu, don sukan saki, in sun saki kuwa aksul yakan goce mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kare. Kada a huda ko a yi walda a leɓen shasi na sama ko na ƙasa. A duba shokazoba, a daidaita bawul ɗin birki. In an gama duk wannan, motar tan ɗaya tana nan motar tan ɗaya, sai dai ta fi jin daɗin ɗaukarsa.

LAIFIN BA NA DIREBA KAƊAI BA NE

Manomin da ya tsaya a masussuka yana roƙo a ƙara masa buhu biyu don kada su kwana a daji, da ɗan kasuwar da ke neman motar da ta fi araha ko da wace irin taya gare ta, da ɗan kamashon da rabonsa ke ƙaruwa da yawan buhu, duk da hannunsu a ciki. Abin mamaki kuwa, in mota ta lalace a hanya mai kaya ne ke fin kowa hasara. Hatsi ya iya jira, in ruwa bai sauka ba, ɓarayi kuma ba su zo ba. Tumatir da tattasai ba su jira. Kwana ɗaya a rana ya isa ya mai da noman wata uku abin zubarwa, direba ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, ba mai biyan wani. Mutanen da ke hawa bisa buhuna kuma su ne abin tausayi, mata da tsofaffi masu zuwa cin kasuwa. Kaya in sun yi tudu nauyi ya koma sama, mota mai taurin sifirin kuwa ba ta karkata a hankali balle direba ya ji ya rage gudu. Tana tafe a miƙe, sai ƙafa ɗaya ta faɗa gefen kwalta da ruwa ya cinye, ta kife gaba ɗaya.

Mafita ba ta gagara ba, tsofaffin fatake ma sun san ta, gama su ba su taɓa kora jaki ɗaya da kayan raƙumi ba. Akori-kura ta yi aikin da ta fi kowa iyawa, watau fito da kaya daga gona zuwa bakin kwalta, sawu biyu ko uku a gajeriyar hanya, inda man da za ta ƙara sha kaɗan ne. A bakin kwalta manoma huɗu ko biyar na ƙauye ɗaya su haɗa kayansu su ɗauki Kanta guda, mai ɗaukar tan uku ko fiye, ta kai Dawanau. Doguwar tafiya da gudu, inda taya ke fashewa birki ke ƙonewa, ta koma kan motar da aka ƙera dominta. Ƙungiyoyin manoma da ake kafawa don karɓar taki da iri, ga aikin da ya fi wannan dawwama, malaman da ke riƙe musu littattafai kuma su ne za su iya tsara wa ya kawo buhu nawa, wa zai biya nawa. A gajeren sawun nan kuwa ya fi kyau a yi jinga bisa sawu maimakon bisa buhu, gama ranar da buhu na sha ɗaya ya daina kawo wa direba ƙarin kuɗi, ranar zai daina ɗora shi.

Shugabannin tasha su ma suna da abin yi, don maganarsu ta fi ta mai kaki shiga kunnen direba. Ma'aikatan kiyaye haɗurra da na KAROTA a manyan hanyoyi suke tsayawa, ba su ganin abin da ake ɗorawa a masussuka, in sun kama mota kuwa tara ce za a biya a wuce da kayan yadda suke. Amma shugaban tasha ya san kowace mota da mai ita, ya san wadda tayarta ta suɗe. Majalisun ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kuma, in sun tura katafila ta share hanyoyin gona sau ɗaya bayan ɗaukewar ruwa, kafin a fara kwasar amfani, suka sa kwalbati a mashigan rafukan da kowa ya san su, to, Kanta da kanta za ta isa ƙauyuka da yawa da yanzu sai akori-kura. A watan Oktoba ya kamata a yi wannan aiki, ƙasa tana da sauran laima, masara kuma ba ta gama bushewa ba.